Aikin Binciken Ƙarshe na Digiri na Biyu a Fannin Injiniya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban injiniya suka fi yi idan shekarar ƙarshe ta kama, aikin bincike ya tsaya musu a gaba. Ƙa'idojin jami'o'i sun bambanta, don haka duk inda takardar ƙa'idojin sashenku ta saɓa da abin da na faɗa, ita za ka bi. Na yi amfani da "ka" don sauƙin magana, amma har da ke nake, 'yar'uwa.

Me ya raba wannan aiki da wanda na yi a digirin farko?

A digirin farko yawanci ya isa ka ƙera abu ka nuna yana aiki. A digiri na biyu za a tambaye ka: yana aiki har zuwa ina, ta yaya ka sani, kuma idan an gwada shi da abin da wasu suka yi kafin kai, wanne ya fi? Ba a neman ka gano abin da duniya ba ta taɓa sani ba, wannan nauyin mai digiri na uku ne. Abin da ake so shi ne a ga ka ɗauki tambaya ɗaya, ka zaɓi hanyar da ta dace da ita, ka auna, sannan ka faɗi gaskiyar abin da awon ya nuna.

Yaya zan zaɓi batu?

Nan ne mafi yawan ayyuka ke gyaruwa ko su lalace, tun kafin a taɓa ko waya ɗaya a ɗakin gwaji.

Ɗalibi zai zo ya ce yana son yin aiki a kan hasken rana. Wannan fage ne, ba batu ba, mutum zai iya ƙare rayuwarsa a cikinsa. Sai a matsa masa, ya ce to, inganta farantan sola. Har yanzu da saura. Batu ya nuna ne ranar da ya zama tambayar da amsarta lamba ce: idan aka sanyaya bayan faranti da ruwa mai gudana, kashi nawa wutar da yake bayarwa za ta ƙaru, kuma ƙarin ya fi wutar da famfon ke sha? Da jin wannan ka san kayan da za ka nema, ka san abin da za ka auna, ka kuma san ranar da za ka ce ka gama.

Ka gwada batunka da abubuwa uku. Za ka iya faɗinsa cikin jimla ɗaya ga abokinka na wani sashen ya gane? Na'urar da za ka auna da ita tana nan, tana aiki, kuma za a bar ka ka taɓa ta? Kada ka yarda da "akwai ta", ka je ka gan ta a kunne da idonka, gani ya kori ji. Na uku, idan sakamakon ya fito akasin abin da kake fata, za ka sami abin rubutawa? Tambayar sanyaya farantin nan ko an ce "bai biya ba", amsa ce mai amfani. Amma wanda burinsa kawai ya ƙera jirgi marar matuƙi, in jirgin ya ƙi tashi ya tashi a tutar babu.

Ɗalibai masu ƙoƙari su suka fi faɗawa tarkon haɗa tambaya biyu ko uku a aiki ɗaya, suna ganin guda ɗaya ta yi musu kaɗan. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka riƙe ɗaya, ka rubuta sauran a gefe, in lokaci ya ragu ka waiwaye su.

In kawo batuna ko in karɓi wanda malami ya bayar?

Batun malami yakan zo da kayan aiki, da bayanan waɗanda suka gabace ka, da mutumin da ya san inda ramukan suke. Naka kuma yana zuwa da sha'awa, wadda za ka buƙata a wata na biyar. Idan ka kawo naka, ka tabbata akwai malami a sashen da ya san fannin sosai. In babu, shawarata ka karɓi na malami ka nemi kusurwar da ta yi maka a cikinsa.

Lokaci nawa aikin ke ci, kuma yaya zan tsara shi?

Ka fara da lissafin makin da aka ware masa, wato makin nauyin karatu (credit). A Birtaniya digirin mastas na shekara ɗaya maki 180 ne, kundin bincike yakan ɗauki 60, kuma kowane maki ana ƙiyasta shi da awa 10, wato awa 600 ke nan. A jami'o'in Turai masu bin tsarin makinsu na bai ɗaya, ECTS, kundin yakan zama maki 30, kowane maki awa 25 zuwa 30, wato tsakanin awa 750 da 900. Ko wane tsari jami'arku ke bi, ka raba awannin da makonnin da suka rage maka. Lambar da za ta fito takan farkar da mutum.

Daga nan ka tsara daga ƙarshe zuwa farko. Rubuta ranar miƙa kundi. Ja baya da mako biyu don gyare-gyare. Ja baya da wasu makonni biyu ko uku don malami ya karanta, domin ba naka kaɗai ne a teburinsa ba. Inda ka tsaya, nan ne ainihin wa'adinka.

Kusan kowane sashe zai nemi jadawalin Gantt, zanen da ke nuna lokacin farawa da gama kowane aiki, wanda ya samo sunansa daga Henry Gantt, injiniyan Amurka da ya yaɗa shi a shekarun 1910. Ka zana shi, amma amfaninsa yana wurin gano ayyukan da ba sa karɓar gaggawa. Kankare ana gwada ƙarfinsa na ƙa'ida ne bayan kwana 28, kuma ba ya saurin nuna don kana sauri. Idan zubin farko ya ɓaci, wata guda ya tafi. Allon lantarki da za a buga maka a kamfani, kayan da za a yi oda, izinin kwamitin ɗa'a idan aikinka ya shafi mutane, layin masu jiran injin gwaji guda ɗaya: waɗannan su ke mulkin kalandarka. Masu kula da manyan ayyuka tun ƙarshen shekarun 1950 suke da hanyar gano jerin ayyukan da jinkirin ɗaya daga cikinsu ke jinkirta komai. Ka gano naka jerin a makon farko, ka tayar da su, sannan ka yi karatu da rubutu yayin da kake jira.

Kuma ka sani ƙiyasinka zai yi kaɗan. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a ta ɗan'adam tun 1979: mutum yakan raina lokacin da aikinsa zai ci, ko da ya taɓa yin irinsa ya makara. Maganin da na sani shi ne ka tambayi wanda ya yi irin gwajin bara kwana nawa ya ci masa, ka yi aiki da lambarsa maimakon taka.

Takardu nawa zan karanta kafin in fara?

Ba adadi ake nema ba. Ka nemo takardun bita, wato masu tattara binciken da aka riga aka yi, biyu ko uku na baya-bayan nan a fanninka ta rumbunan neman takardu irin su Google Scholar, ko IEEE Xplore, ko Scopus idan jami'arku na da rajista. Ka bi waɗanda suka ambata, ka kuma duba waɗanda suka ambace su daga baya. Lokacin da ka ga sunaye iri ɗaya suna ta maimaituwa, ka kusa zagaye fagen.

Kowace takarda ka rubuta mata layi huɗu: me suka tambaya, da me suka auna, me suka samu, me suka bari. Layin ƙarshen nan shi zai haifa maka hujjar aikinka. Babin bita da ya zama "wane ya yi kaza, wane ma ya yi kaza" har shafi ashirin yana gajiyar da mai dubawa. Ka haɗa su bisa hanyar da suka bi, ka nuna inda suka saɓa, ka faɗi wanda ka fi gamsuwa da shi da dalili.

Tun takardar farko ka saka ta a manhajar tsara madogara, Zotero ko Mendeley. Tsarin ambaton madogara na IEEE lambobi yake amfani da su bisa jerin fitowa a rubutu, kuma wanda ya jera lamba tamanin da hannu sannan aka ce ya ƙara ɗaya a tsakiya zai yi kwanan zaune a banza.

Malamin da ke duba aikina ba ya samun lokaci. Me zan yi?

Ka sauƙaƙa masa taimakonka. Tun farko ku yanke ranar haɗuwa, ko da minti ashirin ne duk mako biyu. Kwana ɗaya kafin ranar ka aika masa shafi guda: ga abin da na yi, ga inda na maƙale, ga hanyoyi biyu da nake gani, wacce Malam ya ga ta fi? Tambaya irin wannan ana amsa ta cikin minti biyar. "Malam, me zan yi yanzu?" kuwa sai an zauna. Bayan kun rabu ka tura masa gajeren saƙo na abin da kuka tsayar, don kada bayan wata uku a rasa wanda ya ce me.

Babban kuskure shi ne ɓuya. Ɗalibi ya ga bai yi komai ba, kunya ta hana shi zuwa, mako biyu su zama wata biyu. Ranar da ba ka da abin nunawa ita ce ranar da ka fi buƙatar zuwa. In kuwa ka yi duk wannan shiru ya ci gaba, akwai mai kula da ayyukan bincike a sashe, ka same shi da ladabi tun da sauran lokaci.

Kada ka manta da ma'aikatan ɗakin gwaji da na ɗakin ƙere-ƙere. Su suka san injin da ke ƙarya idan ya yi zafi, da wanda sai an daidaita shi kafin a yarda da shi. Ka girmama su, ka nemi lokacinsu da wuri, ka bar musu wuri a share.

Aikina duka a kwamfuta ne. Kwaikwayon kwamfuta kaɗai ya isa?

Yana iya isa, amma sai ka amsa tambaya biyu da masu jarrabawa ba sa mantawa. Ta farko: kwamfutar ta warware lissafin daidai? Ta biyu: lissafin da ka ba ta shi ne ya dace da abin da ke faruwa a zahiri? Manhajoji irin su ANSYS da COMSOL da MATLAB duk za su ba ka hoto mai launi ko da ka shigar da shirme.

Don ta farko, ka fara da matsala mai sauƙi wadda za ka iya lissafawa da biro, kamar sandar ƙarfe da aka kafe gefe ɗaya aka ɗora wa ɗaya gefen nauyi. In manhajar ta ba ka abin da hannunka ya ba ka, ka ci gaba. Sannan ka riƙa ƙanƙanta ragar da ka yanka samfurin da ita, wato ƙananan gutsattsarin da manhajar ke lissafi a kansu, har sai amsar ta daina canzawa, ka kuma sa wannan jadawalin a kundinka. Don ta biyu, ka gwada sakamakonka da awon gaske, naka ko wanda wasu suka wallafa.

Wannan ba tsanani ba ne na malamai. A watan Agustan 1991 gindin kankare na dandalin haƙar iskar gas na Sleipner A ya nutse a kusa da Stavanger ta ƙasar Norway ana cikin gwada shi. Bincike ya nuna lissafin kwamfuta ya ƙiyasta ƙarfin da ke kan wasu bangaye ƙasa da yadda yake da kusan kashi 47 cikin 100, aka yi su ba su kai kaurin da ya kamata ba. Ƙwararru ne suka yi aikin, da manhaja sananniya.

Yaya zan tabbatar awona abin dogaro ne?

Awo ɗaya ba sakamako ba ne. Ka maimaita, aƙalla sau uku inda hali ya yi, ka ba da matsakaici tare da yadda awon ya warwatsu. Ka san iyakar na'urarka: idan ma'aunin zafinka na iya kuskuren digiri ɗaya, ba ka da ikon cewa ka sami bambancin rabin digiri. Ka duba yaushe aka daidaita ta na ƙarshe. Idan sigina kake ɗauka, ƙa'idar Nyquist ta ce saurin ɗaukarka ya wuce ninki biyu na mita, wato saurin kaɗawa, mafi girma a cikin siginar, in ba haka ba za ka ga abin da babu shi. A aikace ana ba da rata fiye da haka sosai.

Sai ma'auni. Kowace lamba a littafinka, da kowane ginshiƙi a jadawalinka, ka rubuta ma'auninsa. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lambobin ƙarfin turi da ma'aunin fam, wata kuma tana karɓarsu a matsayin niyuton. Bambancin ninki 4.45 ne, kuma ya isa ya kai kumbon ƙasa da inda aka nufa a sararin duniyar Mars.

Ina zan adana aikina?

Kwafi uku, a wurare iri biyu, ɗaya nesa da inda kake. Ɗanyen bayanan da na'ura ta ba ka kada ka taɓa su, ka yi aiki a kan kwafi. Idan kana rubuta lambobin manhaja ka koyi Git, manhajar da ke adana tarihin duk sauyin da ka yi, yini ɗaya ya isa ka kama abin da kake buƙata. Ka kuma riƙe littafin aiki mai kwanan wata: yadda ka haɗa kayan, saitin da ka yi amfani da shi, abin da ya ba ka mamaki. Ka ɗauki hoton kowane haɗi kafin ka kwance shi. Bayan wata huɗu ba za ka tuna ba, kuma babin hanyar bincike daga wannan littafin zai fito.

Abin da na ƙera ya ƙi aiki, ko sakamakon ya saɓa wa hasashena. Na faɗi ke nan?

A'a. Ana ba da maki ne a kan yadda ka yi tunani da yadda ka bi diddigi. Ɗalibin da ya ce na'urar ta gaza a kaza, na gwada dalilai uku, na kawar da biyu da wannan awon, na ukun shi ne ya fi kama da gaskiya, ya yi aikin injiniya cikakke. Na fi ganin darajar wannan kundin a kan wanda komai ya fito sumul amma mai shi bai iya bayyana dalili ba.

Abin da ba a yafewa shi ne gyara lambobi don su yi kyau, ko jefar da awon da bai yi maka daɗi ba ba tare da faɗa ba. In ka cire wani awo saboda waya ta kwance a lokacin, ka rubuta hakan. Gobe kai ne za ka sa hannu a kan gada ko tukunyar tururi da rayukan mutane ke kanta, kuma halin da ka saba da shi yanzu da shi za ka je can.

Yaushe zan fara rubuta kundin?

A watan farko. Babin bita kana karatu kana rubuta shi. Babin hanya kana haɗa kaya kana rubuta shi. Da sakamako ya fara fitowa, ka fara da zane-zane da jadawalai, ka jera su yadda za su ba da labari, sannan ka rubuta bayanin da ke haɗa su. Gabatarwa da taƙaitawa su ne na ƙarshe, domin sai ka san inda ka sauka za ka iya faɗin inda ka nufa.

Babin tattauna sakamako shi ya fi nauyi, kuma shi aka fi yi wa rowar lokaci. A nan ake son jin me lambobin ke nufi, me ya sa suka bambanta da na wasu, da kuma inda aikinka ya tsaya. Ka ware masa mako biyu cur.

Word ko LaTeX? Idan lissafi ya yi yawa a kundinka, LaTeX, tsarin shirya rubutu ta hanyar rubuta umarni, ya fi, kuma shafin intanet na Overleaf ya sauƙaƙa shi. Amma kada ka fara koyonsa saura wata ɗaya.

Zan iya amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira? Ina iyakar satar fasaha?

Ka karanta dokar jami'arku, ka tambayi malaminka, ka kuma bayyana abin da ka yi amfani da shi idan an nema. Waɗannan manhajoji sukan ƙirƙiro sunan takardar da ba a taɓa rubutawa ba, don haka duk abin da ba ka buɗe ka karanta da kanka ba kada ya shiga jerin madogararka. Turnitin, manhajar gano kwafe, kamannin kalmomi yake nunawa, amma satar fasaha ta fi nan faɗi: zanen wani, lambobin manhajar wani, ko tunanin wani da ka sauya wa kalmomi, duk sai ka ambaci mai su. Ma'aunin da nake ba ɗalibai shi ne, duk layin da ba za ka iya kare shi a tsaye gaban malamai ba, bai kamata ya zauna a kundinka ba.

Me zan tarar ranar kare kundi?

Gajeren jawabi, sannan tambayoyi. Ka fara da tambayarka da amsar da ka samu, kada ka cinye rabin lokacin a kan tarihin fannin. Ka gwada jawabin da agogo a gaban abokai sau biyu ko uku. Idan za ka nuna na'ura tana aiki, ka ɗauki bidiyonta tun tana lafiya, ka riƙe a gefe.

Tambayoyin ba su cika wuce waɗannan ba: me ya sa ka zaɓi wannan hanya ka bar waccan, yaya girman kuskuren awonka, mene ne naka a cikin aikin, me za ka sauya in za ka sake. Ka san raunin aikinka kafin a nuna maka, ka faɗe shi da bakinka. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka gwada ba, sannan ka faɗi yadda za ka gwada shi.

Saura mako uku, ban gama ba. Ta ina zan kama?

Yau ɗin nan ka daina sabon gwaji, sai wanda in babu shi kundin ba zai tsaya ba. Ka zauna ka jera abin da ke hannunka, ka rage tambayarka ta dawo daidai da shi. Idan ka yi niyyar gwada kaya iri biyar ka sami biyu, kundinka ya zama kwatanta biyun, sauran ukun su koma shawarar aikin gaba. Ka kai wa malaminka wannan sabon tsari gobe, ya amince kafin ka ci gaba.

Idan rashin lafiya ko rasuwa ko lalacewar injin sashe ne ya tsayar da kai, jami'o'i suna da hanyar neman ƙarin lokaci, amma yawanci sai an nema kafin wa'adi ya cika, tare da shaida. Ka nemi fom ɗin a ofishin sashe a wannan makon.

Mako na farko sakamako da tattaunawa, na biyu sauran babuka da tura wa malami, na uku gyara. Ka yi barci, domin gajiyayyen ido ba ya ganin kuskuren ma'auni. Ka kuma ɗora kundin a shafin jami'a kwana ɗaya kafin ranar ƙarshe, sannan ka sake sauke shi ka buɗe, ka tabbata zane-zanen da lissafin duk sun fito yadda ka tsara su.